Tafiyar Timiya: yadda duwatsun Azbin suka yi da motarmu

Kawuna ɗan kasuwar turkudi ne. Tun yana saurayi yake sayen baƙin yadin nan mai sheƙi a hannun marinan Kura yana sayar wa Abzinawa masu naɗa shi rawani. Babban abokin cinikinsa wani dattijo ne mutumin Timiya, wani gari da ke cikin duwatsun Azbin, arewa maso gabas da Agadas. Shekara da shekaru dattijon ne ke saukowa Kano, ya sauka a Fagge, ya yi sayayyarsa ya koma, Kawu bai taɓa taka garinsu ba. Da labarin rasuwarsa ya iso, Kawu ya ce wannan ta'aziyyar ba ta waya ba ce, zuwa da kai ya fi aike. Ga kuma ragowar kuɗin mamacin a hannunsa, yana so ya danƙa wa magada a gaban shaidu. Aka ce in raka shi tunda na iya tuƙi, mu riƙa karɓar juna da direbansa.

Motar Kawu a-kori-kura ce mai ɗaki biyu, mai shan gas, mai jan ƙafa huɗu. Ta kwana biyu a duniya amma ba ta da wani ciwo da muka sani. An yi mata juye, an sake takalmin birki, an duba batir. Muka loda mata buhun shinkafa, sukari, katan ɗin sabulu, ƙwaryar goro daga Mariri, da ɗaurin turkudi na iyalan mamacin.

Bayan sallar asuba muka fita, cikin hunturu, hazo ya rufe gari. Kazaure, Daura, sai bakin iyaka a Kwangwalam. A ɓangaren Nijar, a Ɗan Barto, 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, suka yi wa motar takardar shiga ta wucin gadi, aka duba katin rigakafinmu, aka buga hatimi. Kawu ya canji kuɗi a nan, daga nan kuma lissafinmu ya koma na jika da dala, jika ita ce sefa dubu ɗaya, dala kuwa sefa biyar. Ta Matamaye da Takeita muka shiga Damagaram da la'asar, muka kama ɗaki biyu a wani masauki a Zango kan jika 10 kowane ɗaya. Da daddare na ci gasasshen naman rago da ban taɓa cin mai taushinsa a tashar Kano ba, an barbaɗa masa yaji da albasa, an naɗo shi a takarda.

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. Da ka yi tafiyar kamar kilomita 50 za ka hango matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, tana tsaye ita kaɗai a fili. Daga nan gonakin gero suke ta raguwa har ka isa Tanut, babban garin Damargu, bayan Tanut kuwa sai makiyaya da raƙuma da ƙananan ƙayoyi. A ƙofar kowane gari akwai igiya a giciye: wani wurin kuɗin hanya ne, wani wurin jandarma ne. Tambayarsu ɗaya ce, daga ina, zuwa ina, wurin wa. Da Kawu ya ce ta'aziyya za mu Timiya, wani jandarma ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Alhaji, kada ku wuce Agadas sai da ɗan gari." Hanyar akwai inda kwaltarta lafiya lau, akwai inda ta cinye aka koma bin ratse a gefe. Bayan Adarbisanat, a irin wannan wurin, bakin karyayyiyar kwalta ya tsaga mana tayar baya ta dama daga gefe. Tsagar gefe ba ta facuwa. Muka ɗaura safaya, muka gangara dutsen Tigidit ba mu da wata taya a baya, kowa ya yi shiru a motar har muka hango hasumiyar masallacin Agadas.

Hasumiyar ta ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, itatuwa sun fito mata ta kowane gefe. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihin duniya na UNESCO. Hausa ake yi a kasuwa da tasha da ko'ina, ba ka jin kanka baƙo. A gidan ƙanin mamacin muka sauka, shi ne kuma ya haɗa mu da wanda zai ja mu, wani Ba'abzine mai furfura a gemu, tsohon direban masu yawon buɗe ido tun kafin tawayen Abzinawa na 2007 ya kashe wannan sana'ar. Madugu kowa ke ce masa, mu ma muka bi.

Kafin ya yi maganar kuɗi sai da ya kwanta a ƙarƙashin motar ya daɗe. Da ya fito ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Alhaji, injinku lafiyayye ne. Amma kayan sun yi mata yawa a baya, kuma sifirin ɗin hagu ya gaji." Sifirin shi ne jeren ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafar baya. Kawu ya ce kayan na marayu ne, ba a barinsu. Madugu bai yi musu ba, sai ya ce to a tafi kasuwa. Abin da ya sa muka saya ya ba ni mamaki, domin babu wani babban abu a ciki: tayoyi biyu na hannu kan jika 35 kowace, tsofaffin tub guda biyu waɗanda ba sa riƙe iska, fanbel, tiyon lagireto, gam mai haɗi biyu, waya ta ɗauri, sarƙa, shebur, famfon iska na ƙafa, da jarkoki na ruwa da na gas. Shi kuma ya zo da allunan ƙarfe biyu masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya a yashi, da garin alkama, da butar shayi. Na tambaye shi amfanin tub ɗin da ya riga ya mutu, ya ce, "Malam, ka dai ajiye." Ladansa jika 15 a yini, ci da sha a kanmu.

Timiya ba ta fi kilomita 220 da wani abu daga Agadas ba. A lissafin mutumin Kano wannan tafiyar Kaduna ce, ka karya a gida ka yi azahar a can. Madugu ya ce in Allah ya kiyaye, wuni guda cur.

Da fita gari kwalta ta ƙare. Hanyar tana bin ƙoramar Telwa, wadda ta yi ambaliyar da ta rushe gidaje a Agadas a 2009, amma a wannan lokacin busasshiya ce ƙayau. Har Dabaga tafiyar ba laifi, ga lambuna da dabino da goriba a bakin ƙoramar. Bayan Dabaga ne muka zo wani mashigi mai faɗi, yashi fari tas, mai laushi, sawun motoci ya rarrabu ko'ina. Direban Kawu ne a sitiyari. Ya shiga da giya ta uku, a tsakiya motar ta fara nauyi, ya taka kuloci don ya sauko ta biyu, a wannan ɗan taƙin ta tsaya cak. Da ya ba ta wuta sai tayoyin baya suka shiga haƙa, kafin Madugu ya ce "tsaya, tsaya" ta zauna har cikinta ya taɓa yashi, warin kuloci ya cika ɗakin.

A nan na fara ganin aikin mutumin. Bai ɗaga murya ba. Ya zagaya ƙafafun gaba ya murɗa makullan da ke tsakiyarsu, domin irin motarmu ko ka sa giyar ƙafa huɗu a ciki, in ba a kulle waɗannan da hannu ba tayoyin gaba ba sa ja. Sannan ya ɗauki tsinke ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace iska, har sai da kowace ta yi tumbi ta baje a ƙasa, kusan rabin iskarta ya fita. Ya ce taya mai tauri yanka yashi take yi, mai laushi kuwa hawa kansa take yi. Muka sauke buhunan, muka shiga haƙa da shebur da hannu, ba a gaban tayoyin kaɗai ba, har ƙarƙashin cikin motar, domin muddin cikinta na zaune kan yashi tayoyin ba su da nauyin da za su kama ƙasa da shi. Rana ta take, iska na watsa mana yashi a ido da baki. Aka sa jak a kan allo aka ɗaga baya, aka cike ramin, aka zura allunan ƙarfen. Madugu ya shiga ya sa ƙaramar giya, bai ba ta wuta ba ko kaɗan, ta taso a hankali ta hau allunan, bai tsaya ba sai da ya kai tsandauri a ɗaya gaɓar. Mu kuma muka bi shi da buhuna a ka. Mayar da iska cikin tayoyi huɗu da famfon ƙafa ya fi haƙan wahala, kuma dole ne, don gaba duwatsu ne masu kaifi, taya mai laushi ba ta minti goma a cikinsu.

Daga nan ƙasar ta sake. Baƙaƙen duwatsu ko'ina, wasu manya-manya a tare wuri guda, wasu a warwatse har iyakar gani. Inda hanyar ta miƙe kuwa ta yi tudu-tudu ƙanana a jere kamar kunyar gona, in ka yi a hankali motar ta yi ta tsalle, in ka yi gudu komai na jikinta ya yi ta karkarwa. Madubin gefe ya kwance, murfin akwatin gaban mota ya buɗe da kansa, haƙoran mutum har haɗuwa suke yi. Muka wuce Elmeki, garin da aka san shi da haƙar kuza irin ta Jos, muka sha ruwa muka ƙara gaba.

La'asar sakaliya, ina tuƙi, Madugu ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce in kashe mota. Allurar zafi ta haura, ni idona na kan duwatsu, shi nasa na kan allurar. Da muka buɗe gaba sai tururi, ruwa na tsiyaya ƙasa. Girgizar hanya ta tsinke robar da ke riƙe lagireto daga ƙasa, ya matso baya, fanka ta shafe shi ta yanke 'yan siraran bututunsa guda uku. Da mun ƙara ko kilomita biyu a haka da gasket ya ƙone, kuma wannan ba gyaran daji ba ne.

Babu sabis a waya, babu gida, babu ko akuya. A gida in lagireto ya fashe, cire shi ake yi a kai wa mai walda ko a sayo wani a Ƙofar Ruwa. Madugu ya jira injin ya huce, ya ciro lagireton gaba ɗaya ya kwantar a kan tabarma. Ya sa filaya ya fiffige ƙananan ganyayen da ke kewaye da bututun da suka yanke, ya matse bakin kowane, ya naɗe shi ya sake matsewa, sama da ƙasa. Ya kwaɓa gam ɗin nan ya shafe wuraren. Sai ya ce in miƙo tub. Ya yanko zare-zare masu faɗin yatsa biyu, ya ninka wasu ya yi wa lagireton matashi a inda robar ta tsinke, ya ɗaure shi da sauran ya ƙara da waya. Ya ce gam ɗin sai ya kwana kafin a zuba ruwa, saboda haka a nan za mu kwana.

Maganar ruwa ce ta fi tsaya mini a rai a daren nan. Injin zai sha kusan lita 10, kuma ba mu san ko ɗaurin zai riƙe ba. Madugu ya ware jarka ɗaya ya ce wannan ta mota ce, ya ware ɗaya ya ce wannan ta sha ce, babu mai taɓa ta don wanke hannu ko kwano. Taimama muka yi muka yi magariba da lisha. Ni da na tashi a gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ina ganin na san tsadar ruwa, amma ban taɓa zama ina lissafin kofi nawa ya rage tsakanina da rijiya ta gaba ba.

Ya tara busassun itatuwa ya hura wuta, ya kwaɓa garin alkama da gishiri da ɗan ruwa, ya share garwashin gefe, ya binne curin a cikin yashi mai zafi ya mayar da garwashi a kai. Bayan wani lokaci ya juya shi, da ya gasu ya kankare yashin da wuƙa, ya gutsuttsura a kwano ya zuba mai da miyar tumatirin gwangwani. Tagalla ke nan, abincin matafiyan Azbin, kuma ban ji ko ƙwayar yashi ɗaya a haƙorina ba. Shayi ya biyo baya zagaye uku a 'yan ƙananan kofuna. Sanyin wurin kuwa ya wuce duk hunturun da na sani. Na sa riguna biyu da bargo, na kwanta a jikin taya don ta kare mini iska, duk da haka yatsun ƙafata ba su daina zafi ba har asuba. Kawu, da shekarunsa, a cikin mota muka sa shi ya kwana. Cikin dare na ji shi yana ta salati, na leƙa na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ina tunanin bawan Allahn nan ne. Ashe wannan hanyar yake biyowa duk shekara ya zo mini Kano, ni kuma in tsaya ina ja masa ciniki a kan dala biyar."

Da safe aka mayar da lagireto, aka zuba ruwa. Madugu ya ƙara da ɗan garin taba a ciki, ya ce yana toshe ƙananan huji, kuma bai ɗaure murfin tam ba don kada ƙarfin tururi ya ɓalle gam ɗin. Ya riƙe. Muka riƙa tsayawa lokaci-lokaci ana dubawa ana ƙara kofi ɗaya ko biyu.

Babbar matsalar tana gaba. Wajen Kirib-Kirib hanyar ta zama hawa da gangara a kan tsagwaron dutse, wani wurin sai Madugu ya sauka yana nuna wa direba inda zai ɗora kowace taya. A wata gangara ƙafar baya ta hagu ta faɗo daga kan wani dutse, muka ji ƙara ɗaya mai ƙarfi, motar ta karkace, taya ta shiga gurzar jikin bodi. Babban ganyen sifirin ɗin nan da Madugu ya ce ya gaji ne ya karye, daf da idonsa na gaba. Shi wannan ganyen ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, shi ke riƙe aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, a mazauninsa. Da ya karye sai aksul ɗin ya zame baya ta ɓangare ɗaya, in aka matsa tafiya a haka farfela, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya, na iya zarewa, tiyon birki ya tsinke. Direban Kawu ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Madugu bai ce ai na faɗa ba, ya dai ce a sauke kaya.

Jak ɗinmu ɗaya ne, aikin kuwa na biyu ne, ɗaya ya ɗaga bodi ɗaya ya riƙe aksul. Muna cikin jera duwatsu a ƙarƙashinta muka ji gurnanin babbar mota daga bayanmu. Tsohuwar gingimari ce ta taso daga Agadas za ta Timiya, an loda mata gero da siminti da buhunan sukari, mutane maza da mata a zaune a saman kayan, kowa ya rufe fuska. Akwai wurin da za ta iya raɓawa ta wuce. Ba mu ɗaga mata hannu ba, ta tsaya da kanta. Direban ya sauko, suka gaisa da Madugu da Buzanci, doguwar gaisuwa, tafin hannu na shafar tafin hannu, sannan ya juyo ya ce wa Kawu da Hausa, "Sannunku, Alhaji. Me ya samu?" Bai jira amsa ba ya kira karen motarsa ya ce ya kawo babban jak da gatari.

Fasinjojin suka sauko, babu wanda ya yi tsaki ko ya duba agogo. Matan suka nemi inuwa suka shimfiɗa zane, wani tsoho ya hura gawayi ya ɗora shayi, samarin suka kama aiki. Karen motar ya saro reshen aduwa mai kauri, aka sassaƙe shi daidai tsakanin aksul da shasi. Aka ɗaga bodi, mutum shida suka turo ƙafar gaba har ta dawo mazauninta, aka zarga sarƙarmu a aksul aka ɗaure ta a shasi ta gaba don kada ya sake zamewa. Aka haɗa karyayyen ganyen da 'yan'uwansa, aka naɗe su da zaren tub, ana ja ana naɗewa har ya yi tauri, aka cusa itacen aka ɗaure shi ma. Tub na biyu a nan ya ƙare. Direban gingimarin ya ce kayanmu duka a mayar motarsa, Kawu ma ya shiga gaba kusa da shi, tamu ta tafi fayau, su kuma za su biyo mu a baya ko da wani abu zai sake faruwa.

Na daɗe ina juya wannan a raina. A hanyoyinmu na gida, musamman in rana ta yi sanyi, ka ga mota a tsaye an buɗe gaba, mutum na ɗaga hannu, sai ka ƙara wuta. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na sha yi, domin an sha tare mutane da irin wannan dabarar, kuma wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa a hanya ba ka da bakin ce masa ya tsaya. Amma Azbin ma ba ta rasa 'yan fashi ba, ta ga tawaye, ta ga nakiyoyi a hanya, ga zirga-zirgar masu neman zinariya tun 2014. Duk da haka mutanen nan ba su bar tsayawa ba. Da na yi wa Madugu maganar, cewa ya yi a nan in ka wuce mota a tsaye, wataƙila kai ne na ƙarshe da zai bi wurin kafin ruwansu ya ƙare, kuma duk Azbin za a ji wane ne ya wuce. Kawu ya ciro jika 20 ya miƙa wa direban gingimarin, ya ƙi karɓa, har ransa ya so ya ɓaci. Goro ya karɓa, aka raba wa fasinjoji, tsohon mai shayi ya sa albarka.

Ragowar hanyar da giya ta ɗaya da ta biyu muka yi ta, ina jin kukan itacen nan a ƙarƙashina duk lokacin da muka hau dutse. Gab da gari akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki mai sanyi, daga nan kuma sai kwarin Timiya ya buɗe. Bayan baƙin dutsen da idona ya saba da shi, koren wurin har ya yi mini yawa. Lambuna ne a jere a bakin ƙorama, lemu da garehul sun nuna sun yi nauyi a reshe, ga rumman, ga dabino, ga alkama da albasa a ƙasa. Raƙumi ne ke jan guga a rijiya, yaro na gaba yana jansa, in ya kai ƙarshen igiya gugar ta juye a kwararo ruwan ya bi lambu. A kan tudun da ke saman gari akwai ganuwar da Faransawa suka gina a shekarun 1950, daga can kana ganin garin duka.

An karɓe mu a gidan mamacin da kuka da murna a haɗe. Babban ɗansa ya riƙe hannun Kawu ya kasa sakewa, yana ta cewa, "Baba, da kanka?" Aka yi addu'a, washegari Kawu ya sa aka kira liman da dattawa biyu, ya buɗe littafinsa ya karanta lissafin, ya ƙirga kuɗin a gabansu. An yanka mana akuya, an ba mu cuku da dabino, lemu kuwa sai da muka ce ya isa.

Motar ce ta tsawaita mana zama. Akwai mai walda a garin, amma shi da kansa ya ce ƙarfen sifirin ba ya riƙe walda, in ya liƙa a dutse na farko zai sake ɓallewa. Sai aka ba direban gingimarin karyayyen ganyen ya tafi da shi Agadas tare da lodin lemu, ya nemo irinsa a wurin masu kayan tsofaffin motoci. Da ya dawo da shi hujin tsakiyarsa bai zo daidai ba, wani maƙeri ya zauna ya huda sabo. Ganyen jika 25, maƙeri da mai ɗauri jika 8, direban kuma wannan karon Kawu ya lallashe shi ya karɓi kuɗin man da ya ƙona yana yawon nema.

A dawowa babu kaya sai buhu biyu na lemu, motar ta yi sauƙi, mashigin yashin nan ma Madugu ya sace iska tun kafin mu shiga, muka wuce shi ba tsayawa. Abu ɗaya ya same mu. Gas ɗin da muka ƙara daga durom a hanya akwai datti da ruwa a cikinsa, a wani hawa bayan Elmeki injin ya fara shaƙewa yana rasa ƙarfi, ya mutu. Madugu ya kwance filtar gas, ya zubar da ruwan da ya taru a gindinta, ya wanke ta da gas mai kyau, ya mayar, ya yi ta danna ɗan famfon da ke kanta har iska ta fita. Sauran gas ɗin jarka kuwa ta bakin rawaninsa ya tace shi kafin ya shiga tanki. Ta tashi a bugu na biyu.

A Agadas muka kai lagireton wurin mai dalma, ya cire gam ɗin ya liƙe bututun da kyau kan jika 7, aka sa sabuwar roba a mazauninsa. Muka sallami Madugu, Kawu ya ƙara masa turkudi ɗaya a kan ladansa, ya juya shi a hannu ya shinshina ya ce na Kura ne na gaske. Daga nan zuwa Damagaram da Kwangwalam babu abin da ya faru sai faci ɗaya a Tanut.

Da muka iso Kano makanikin Kawu ya ɗaga motar ya ce shokazoba biyu na baya sun zubar da mai, farantin kuloci ya cinye, salansa ta tsage a wuya, sifirin ɗin dama ma ya fara tsagewa a daidai inda na hagu ya karye. An sake su duka, an sa sabon lagireto. 'Ya'yan mamacin sun ce za su ci gaba da cinikin mahaifinsu, kuma an shirya cewa turkudin zai riƙa zuwa Agadas a motar haya, daga can direban gingimarin nan ya wuce da shi Timiya.